Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Inna ta rasu da wata biyu aka haifa mana 'ya mace. Ranar Talata ce da hantsi, damina ta yi nisa, kuma shekararmu takwas ke nan da aure ba mu taɓa ganin ko ɓari ba. Mutane suka yi ta zuwa barka, ni kuma ina amsawa yadda nake amsa gaisuwar ɗalibai a bakin aji. Na san ya kamata in yi murna. Har tsayawa na yi a barandar asibitin ina jiran ta zo, ba ta zo ba. Tun ranar da muka rufe Inna wani abu ya daskare a ƙirjina. Ba baƙin ciki ba ne, don da shi ne da na gane shi. Ina ci, ina barci, ina zuwa makaranta ina koyarwa, amma ban yi kuka ba, dariyata kuma ba ta wuce haƙora.

Da aka miƙo mini jaririyar na yi mata kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu. Da na zo inda ake raɗa suna sai na yi shiru, na mayar da ita. Surukata, wadda ta zo ta zauna wa 'yarta wankan jego, ta aiko a tambaye ni da wane suna aka yi huɗuba. Na ce sai ranar suna za a ji. Ta ɗauka yangar 'yan boko ce. Gaskiyar maganar ita ce ban san sunan ba.

Lokacin da cikin matata ya fito, wata rana da la'asar na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In mace ce, a maida waccan." Na ce to. Iyakar maganar ke nan, ba ta sake tayar da ita ba har ta kwanta ciwon ajali. Waccan ita ce 'yarta ta fari, wadda ta rasu wajen yaye tun kafin a haifi ko ɗayanmu. Mu shida muka rayu, ni ne na biyar, kuma duk mun taso mun san an yi wata kafin babban yayanmu, amma ba mu taɓa jin sunanta ba. Inna irin matan da ce, ba ta kama sunan 'yar fari, tana raye ko ta rasu. Ban tambaye ta ba, domin tambayar rashin ta-ido ce, kuma ko na tambaya tashi za ta yi ta bar mini wurin. Ban kuma damu ba, don na sakankance sunan yana cikin takardar Baba.

Ni ne marubucin danginmu, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Ina da wani babban littafi mai baƙin bango da nake rubuta zuri'armu a ciki: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya rasu kuma yaushe. In an yi taron zumunci bayan Salla nakan bi tsofaffi da biro ina damun su da tambaya, har ta kai in sun hango ni sai kowa ya tuna bai yi alwala ba. Na tono kakannin da ko jikokinsu sun manta da su. Amma a shafin gidanmu, layin farko, abin da na rubuta tun shekarun baya shi ne, "Mace, ta rasu tana ƙarama." Na bar wurin suna da niyyar in cike shi in na samu sukuni.

Baba manomi ne a Mabai, amma ya yi karatun allo mai zurfi, kuma duk haihuwar da aka yi masa yakan rubuta ta da ajami a wata takarda da yake ajiyewa cikin gafakar Alƙur'aninsa. Bayan rasuwarsa, da zaman ƙauyen ya fara wuya, na ɗauko Inna ta dawo wurina a Ƙanƙara, gafakar kuma ta biyo ta. Sau ɗaya na taɓa ganin takardar a naɗe. Ban buɗe ba, saboda ajamina na tatata ne, hannun Baba kuma a cukurkuɗe yake.

Ranar Laraba da safe na yi alwala na sauko da gafakar. Takardar na can ƙarshe, an ninka ta huɗu, ta yi ja, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Na fara daga ƙasa ina hawa, don sunayen da na sani su taimaka mini in saba da hannun. Ga autarmu. Ga ni, da rana da wata da shekara, da sunana. Ga yayyena ɗaya bayan ɗaya. Na kai layin farko. Baba ya rubuta rana, ya rubuta wata, ya rubuta, "Allah Ya ba mu mace." Daga nan sai fili, faɗin yatsa biyu, ba komai. A ƙarƙashinsa, da wata tawadar daban, ya rubuta, "Ta koma," da ranar da ta koma.

Na fita tsakar gida na ɗaga takardar saitin rana, ko tawadar ce ta dushe. Ba ta dushe ba. Alƙalami bai taɓa wurin ba. Ashe kunyar ba ta Inna kaɗai ba ce. Mutumin da ya rubuta ranar da aka yi wa kowannenmu aski ya kasa sa hannu ya rubuta sunan 'yarsa ta fari a takardar da shi kaɗai ke buɗewa. Na ninke ta na mayar. Ban ji komai ba.

Na kira babban yayanmu a waya. Ya ce shi ma waccan ya taso ya ji ana cewa. Na kira yayyena mata biyu, duk amsar ɗaya. Yaya ya kira ni da yamma ya ce, "Malam, kar ka wahalar da kanka. Ka sa mata sunan Inna mana, ai ba wanda zai ce ka yi laifi."

Na ce, "Ba sunanta ta ce a sa ba."

Ya ce, "To ai ba ta nan."

Na kashe wayar ba sallama. Ina da wannan halin, kuma na san ba kyau.

Na gaya wa matata. Tana zaune a kan gado ta miƙe ƙafa, da kwanon kunun kanwa a gefenta, ta ce, "Allah Ya sa a dace." Na san ba za ta hana ba, na kuma san zancen Inna ba ya mata daɗi. Shekara biyar suka yi a gida ɗaya. Ita ta yi jinyar Inna, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta koko da cokali. Amma a duk shekarun nan Inna ba ta taɓa sakin jiki da ita ba. Ba ta haɗa ido da ita. In matata ta shigo ɗakin tana cin abinci sai ta rufe kwanon. In Inna ta sayi atamfa ko ta samu man shanu daga ƙauye, ba ta miƙa mata hannu da hannu, sai ta ba ni ta ce, "Ka kai wa 'yar nan." Matan yayyena kuwa in sun zo, da sunansu take ƙwala musu kira, ta zolaye su, ta yi musu faɗa, su yi ta shewa tare. Matata ba ta samu ko faɗan ba. 'Yar nan ce kawai, daga ranar da aka kawo ta har ranar da Inna ta cika.

Matata ta ɗauka rashin haihuwa ne. Ni ma haka na ɗauka. Wata rana na dawo na same ta tana wanke-wanke tana share hawaye da gefen zane, ta ce, "Malam, ko baƙuwar da ta zo neman ruwa ana tambayar sunanta." Raina ya ɓaci, na wuce ɗakin Inna. Shi ne karo ɗaya tak a rayuwata da na ɗaga mata murya. Na ce haihuwa ta Allah ce, yarinyar nan ba ita ta hana kanta ba, kuma hidimar da take yi ko 'yar cikinta sai haka. Inna tana tsintar wake a faranti. Ta dakata, ta dubi farantin, ta ci gaba da tsinta. Na fita, kuma ban taɓa komawa na nemi gafararta a kan wannan ba, don a ganina ni ke da gaskiya.

Ranar Alhamis na tafi ofishin da ake yi wa haihuwa rajista. Na san da wuya, amma ɗan boko ba ya yarda abu babu sai takarda ta ce babu. Ma'aikacin dattijo ne mai haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi shekarar, na gaya masa, ya yi murmushi. Ya ce a wancan zamanin haihuwar ƙauye a ɗaki ake yi, ungozoma ta yanke cibiya, ba mai zuwa gari ya ba da rahoto. Ya nuna mini littattafan da ke kan kantarsu, mafi tsufa a ciki ma na girme shi nesa. Na tambayi na mutuwa. Ya ce yaron da ba a rubuta zuwansa ba, wa zai rubuta tafiyarsa? Na tambayi na aure, ko ana rubuta 'ya'ya a jiki. Ya ce auren iyayenmu shaidarsa goro ne da mutanen da suka ci goron.

"Akwai takardar rantsuwa ta kotu," in ji shi, "amma ita abin da ka faɗa musu shi za su rubuta maka, Malam."

Kafin in tashi ya tuna mini in dawo in yi wa tawa jaririyar rajista bayan suna. Ya ba ni fom ɗin in tafi da shi. Layin farko a jikinsa na suna ne.

Ranar Juma'a na hau babur zuwa Mabai. Hanyar ta yi laka, masara ta rufe gefe da gefe. Gidanmu da aka haife ni ɗakuna biyu sun zube, wani maƙwabci ya shuka kuɓewa a tsakar gidan. Na tsaya na duba, na jira in ji wani abu, ban ji ba. Bayan an sauko daga Juma'a na samu limamin, matashi ne, jikan wanda ya raɗa mana suna. Ya ce kakansa bai bar rubutu irin wannan ba, a ka yake riƙewa, kan kuma yana maƙabarta. Tsofaffin da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa gari. Ɗaya daga cikinsu, abokin noman Baba, ya saurare ni yana murza carbi, sannan ya ce, "Kai da karatunka duka, nan kake biɗar ɗiyar hwari? Ai ba nan anka haihe ta ba. Uwarka gida ta tahi haihuwa, kamar kowa. Can ta yi wankanta. Da anka tashi yaye ma can anka maida ɗiyar, wurin kaka, can ta rasu. Mu nan rago kaɗai munka ci."

Na tambaye shi ko ya tuna sunan da aka faɗa ranar ragon. Ya yi dariya ya ce shi a lokacin idonsa na kan naman.

Kwana uku ke nan ina haƙa a gefen uba, alhali kowace tsohuwa a unguwarmu za ta iya gaya mini cewa haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yinta. Surukata ma da ke zaune a gidana, don asibiti ya fi kusa da mu ne ta zo, da matata ce za ta tafi.

Asabar da sassafe na shiga mota zuwa Faskari, daga nan na samu wata zuwa Daudawa, garin su Inna. Wanda ya rage a gidansu shi ne Kawu, ƙaninta, da yake ɗinki a bakin kasuwa har idonsa ya gaza. Ya yi murna da ganina, ya sa aka dama fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce ya tuna yarinyar sarai. Fara ce, mai yawan dariya, tana da wani ɗan tabo a goshi inda ta faɗo daga kan turmi. Ya ce an ɗaura auren Inna shekarar da rijiyar masallacinsu ta rufta, aka haifi yarinyar damina biyu bayan haka. Na rubuta wannan a littafina don hannuna ya saba, ko da yake ban san wace shekara rijiyar ta rufta ba, shi ma bai sani ba.

"Sunan fa, Kawu?"

Ya faɗi wani suna, zuciyata ta ɗan motsa. Sai ya ƙara da cewa sunan rana ne, na ranar da aka haife ta, da shi kowa ke kiranta a gidan don kada a sa yayarsa jin nauyi. Na yanka kuwa, ya ce shi yaro ne a lokacin, kuma a gidan uba aka raɗa shi, su dai an aiko musu da ƙafar rago. Mahaifiyarsu ta sani, ta tafi da shi.

Ya ce ƙyanda ce ta kashe ta, kwana tara da kawo ta yaye. Inna tana Mabai, aka aika mata. Ta iso an riga an rufe. Ta shiga ɗaki ta gaida mahaifiyarta, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar awaki, ba ta tambayi komai game da yarinyar ba, kuma ba wanda ya ga hawayenta. Washegari ta koma. Mutane suka yi ta yaba kunyarta.

Ya raka ni maƙabartar da sandarsa. Ya nuna wani gefe kusa da wata tsamiya ya ce nan wajen ake sa yara a da. Ciyawa ce kawai har gwiwa, ƙasar ta baje. Muka yi addu'a. A hanyar dawowa ya ce, "In akwai mai sani, gwaggonka ce. Ita anka aiko da ƙahwar ragon, ita ta kawo sunan ta hwaɗa ma tsohuwa a kunne."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tana aure a Damari ta ƙasar Sabuwa tun ina yaro. Ta kurumce, waya ba ta da amfani a wurinta, kuma rabona da ita tun bikina, don ko rasuwar Inna ba ta iya zuwa ba. Na kwana a gidan Kawu. Lahadi na kama hanya, mota uku da babur ɗaya, direbobi suna ta gaggawa don kowa na son ya isa inda za shi kafin la'asar ta yi sanyi. Ruwa ya tare mu a hanya, muka fake a wata rumfar mai shayi. Na zauna ina kallon ruwan yana zuba daga bakin kwano. Na tuna saura kwana biyu suna, na tuna ban ga fuskar 'yata sosai ba, ban ma san wa ta ɗebo ba.

Na samu Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale a tire. Ta ƙanƙance, amma idonta garau. Ta dube ni ta ce, "Wa ya rasu?" Na durƙusa na ɗaga murya na ce ba kowa, haihuwa aka yi mini. Ta yi hamdala, ta yi mini gaisuwar Inna, ta zolaye ni cewa sai da na yi furfura na iya abin da yara ke yi. Sai da na ci tuwo ta yarda na yi maganar da ta kawo ni. Dole na faɗe ta da ƙarfi, har matan gidan suka bar abin da suke yi suna saurare. Na ce Inna ta bar wasiyya a mayar da sunan 'yarta ta fari, na duba takardar Baba babu, na je ofis babu, na je Mabai da Daudawa babu.

Gwaggo ta ajiye tiren. Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ke neman hularsa tana kansa.

"Kai ɗan nan, wasa kake ko gaskiya?"

Na ce gaskiya.

Sai ta faɗi sunan. Ba wani baƙon suna ba ne. A kowane aji da nake koyarwa akwai mai shi biyu ko uku. Sunan matata ne.

Gwaggo ta ci gaba, da muryar kurame mai ƙarfi. "Ran da anka kawo amaryarka ina nan. Da anka hwaɗi sunanta na dubi uwarka, ta tashi ta shige ɗaki. Na bi ta. Ta ce mani, 'Kin ji? Allah Ya maido mani ita.' Shi ke nan abin da ta ce. To ya za ta kama sunanta? Ya za ta dube ta cikin ido? Kunyar ɗiyar hwari take mata. Halan ba ku gane ba?"

Na ce ba mu gane ba.

"Duk shekarun nan?"

Na ce duk shekarun nan.

Ta girgiza kai ta ɗauki tirenta. "Ku dai 'yan boko sai an rubuta maku."

Na fito ƙofar gida na zauna a kan dakali. Na buɗe littafina a shafin gidanmu, na cire murfin biro, na daɗe ina kallon layin. Abin da ke dawo mini shi ne farantin waken nan, da yadda hannunta ya tsaya, da yadda ya ci gaba. Tana da amsar da za ta rufe mini baki da kalma ɗaya, kalmar kuma ita ce wadda ba za ta iya faɗa ba. Na san wannan wurin kuka ne. Na zauna na ba shi lokaci, bai zo ba. Na rubuta sunan na rufe littafin.

Litinin da la'asar na iso gida. An ɗaure rago a zaure, mata sun cika tsakar gida suna ta daka da suya. Na jira sai da surukata ta fita ɗora ruwan wanka, sannan na shiga. Matata tana shayar da jaririyar. Ta ce, "Sannu da hanya, Malam. An samu?"

Na ce an samu. Na zauna a bakin gadon na ce, "Sunanki ne."

Ba ta gane ba da farko. Na gaya mata komai yadda Gwaggo ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara idonta a kan jaririyar. Da na kai inda Inna ta ce Allah Ya maido mata ita, sai ta sa tafin hannu ta rufe bakinta.

Can ta ce, "Man shanun nan da take aiko ka da shi. Ni kaɗai take ba?"

Na yi tunani na ce ban taɓa ganin ta ba wata ba.

Ta ce, "Ranar da za ta rasu ta riƙe mini hannu ta ƙi saki. Ta juyar da fuska bango, amma ta ƙi saki. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Daga nan ta fara kuka, marar sauti, kafaɗunta na rawa, jaririyar na ta tsotso abinta. Na zauna ina kallon su. Na so in taya ta, na kasa. Na tashi na je na duba ko an ba ragon ruwa.

Talata da safe liman ya raɗa sunan a ƙofar gida, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a. Wasu suka yi ta zolayata cewa son matata ya hana ni neman wani suna. Na bar su a haka. Babban yayanmu kaɗai na ja gefe na gaya wa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na cike fom ɗin ofis a ranar. Takardar Baba kuwa na sake buɗe ta da biro a hannuna, na dubi filin nan mai faɗin yatsa biyu, na ninke ta na mayar cikin gafaka yadda ya bar ta.

Bayan an watse, wajen la'asar, na shiga ɗaki. An yi wa jaririyar aski, an shafa mata mai, an sa mata kwalli. Matata mai karatu ce, ta sha gaya mini ita ba za ta yi wannan kunyar ta mutanen da ba, duk ɗan da Allah Ya ba ta da sunansa za ta kira shi. Tana zaune da yarinyar a cinya, ƙannenta biyu na gefe suna ninke kayan barka. Da ta gan ni ta ɗago ta, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya. Ta kawar da kai wajen bango, ta miƙo mini ita.

"Karɓi 'yar nan," ta ce.

Na karɓa. Na zauna a ƙasa a wurin da nake, da yarinyar a ƙirjina, kukan da na yi wata biyu ina jira ya zo, ƙannen matata suka tattara kayan suka fita suka ja mana ƙofa.